Ranar da Inna Ta Tare Ƙofa

A gidanmu na Runjin Sambo ba a taɓa jin sunan yayana a bakin Inna ba. Shi ne ɗan fari, ita kuwa mai kunya ce ta ƙin ƙarawa. "Wancan" take ce masa, in ta sassauta ta ce "yaron nan". In ya durƙusa gaishe ta sai ta kau da kai ta amsa wa bango. Ko tuwonsa ba ta miƙa masa da hannunta, sai ta ajiye ta ce in kai wa mai shi. Haka kowa ya tashi ya gani, ba wanda ya ɗauka ƙiyayya ce. Ni ce dai abin ke ci wa rai, don Allah bai yi ni da haƙuri ba, bakina kuma ba shi da linzami.

Da ya gama karatun likita sai aka turo shi babban asibitin gari ya yi shekarar koyon aiki a ƙarƙashin manya. Zamanin soja ne, kuɗin fetur sun shigo, kowa ya sayi abin hawa ko ya iya ko bai iya ba. Asibiti kullum maƙil da masu karaya, likitoci kuwa 'yan ƙalilan, kuma ƙananan ake jibga wa komai. Babu wata doka da ta ce ga iyakar tsayuwar da mutum zai yi. Ya shiga da safe, ya kwana can, ya wuni, wani lokaci ya sake kwana. In ya yi ƙorafi manyan su ce su ma haka aka gasa su, ai ba su mutu ba.

A gabana yayana ya zube. Idanu jajur, wuya ya yi tsawo. Na sha ganin ya yi barci da loma a hannu. Ya taɓa yin sujada ya ƙi ɗagowa har sai da Baba ya taɓa shi. Wata rana ina miƙa masa fura ya dube ni ya tambaya ko na canza wa gado na ƙarshe ledar ruwa. Na yi dariya a gabansa, na koma ɗaki hankalina a tashe.

Gida ma ba hutu ba ne. Baba mahauci ne, mutumin jama'a, zaurensa ba ya rabo da baƙi. Ɗan mahauci ya zama likita, ai sai unguwa ta ɗauka nata ne. Da an ji ƙarar babur ɗinsa za a fara sallama, mai ciwon baya, mai yaro da zazzaɓi, mai son a duba masa ƙwayoyin da ya saya a kasuwa. Shi kuma bai iya cewa a'a ba, ba a koya masa ba.

Ranar da nake son faɗa, bazara ce, irin zafin Sakkwato da ke sa kaza ta buɗe baki. Bayan azahar maƙwabcinmu mai gyaran babur, wani Kirista mutumin Jos, ya shigo riƙe da yayana, goshi a kuje, hannun riga a yage. Ashe babban likita ya ga hannunsa na rawa wajen ɗinki, ya ce ya tafi ya kwanta, ya dawo da safe akwai tiyata. A hanya barci ya sace shi a kan babur, ya afka tulin yashin masu gini. Maƙwabcin ya ce wata tifa ce ke biye da shi, yashin nan ne ya cece shi. Gobe wannan hanyar zai sake bi, kuma wuƙa zai riƙe a kan cikin ɗan wani. In bai yi barci yau ba, ko shi ko wani.

To, kafin a wanke masa goshi labari ya gama unguwa. Aka fara zuwa jaje. Wa ya isa ya hana jaje? Aka zaunar da shi kan tabarma a zaure, ana "Allah shi kiyaye gaba" yana "amin". Kowa ya gama jajensa sai ya naɗe hannun riga ya ce tun da ga shi ga likita. Ni ba damar shiga cikin maza. Na kai gwauro na kai mari a tsakar gida, in leƙa in dawo, in ɗauki tsintsiya in jefar. Na je na tsaya a kan Inna tana tsintar shinkafa, na ce kashe shi za su yi tana zaune. Ba ta ɗago ba. Ta ce ina ruwanta, in je in gaya wa ubansa. Wallahi na ji haushinta ranar nan, haushi mai zafi. Amma na lura shinkafar nan tun ɗazu ta gama tsintuwa, juya ta kawai take yi a faifai.

Da aka watse bayan sallar la'asar na yi wuf na jawo shi cikin gida. Ya faɗa kan katifa ko takalmi bai cire ba. Na ja ƙofa na zauna a bakinta. Matan unguwa suka zo nasu jajen, na ce an gode, su ajiye a wurina zan isar. Gwaggo ta ce tun da take ba ta taɓa ganin fitsararriya irina ba. Na ce na ji, na ɗauka.

Sai ga Baffa, yayan Baba, wanda ko Baba ba ya haɗa ido da shi. Tun daga Mabera ya taso da gwiwarsa a kumbure, yana dogara sanda. Shi ba ya tsayawa a zaure, gidan ƙaninsa ne. Ya shigo har tsakar gida, Baba na biye, ya ce ina likitan, a tashe shi ya yi masa jaje ya kuma duba ƙafar nan. Baba ya dube ni ya ce in tashe shi. Duk tsiwar nan tawa ta gudu. Na miƙe tsaye, hannuna a kan ƙofa, ƙwalla ta cika mini ido.

Ban ga tasowar Inna ba. Sai dai na ji an ture hannuna. Ta zauna daram a bakin ƙofar, faifai a cinya, ta ja mayafi ta rufe rabin fuska. Ba ta dubi kowa ba. Muryarta na rawa ta ce:

"Baffan yara, ka yi haƙuri. Ɗana kwana shikai. Ku bar mini shi."

Gwaggo ta dafe ƙirji tana salati ƙasa-ƙasa. Baba ya sunkuyar da kai kamar shi ya yi abin kunyar. Baffa ya daɗe yana kallon ƙofar, sannan ya ce Allah shi ba shi lafiya, gwiwa ta kwana biyu tana ciwo, ba za ta kasa kai gobe ba. Ya juya da sandarsa. Inna ba ta tashi daga wurin ba sai da aka kira magariba.

Shekara da shekaru matan dangi na yi mata tsiya da wannan magana. In ta shiga gidan biki sai a ce ga mai ɗa nan ta iso, ita kuwa ta rufe fuska. Ba ta sake faɗa ba har ta koma ga Allah. Washegarin ranar nan ma da yayana ya durƙusa gaishe ta, ya yi barci ya ƙoshi, bango ta amsa wa. Sai da ya miƙe ta ce mini in gaya wa wancan ya bar babur ɗin nan a gida, ya bi motar haya.

Da na ba shi labari, cewa ya yi ƙarya nake, sai da Baba ya tabbatar masa. Yanzu ya tsufa, ya ajiye aiki, barci ma ba ya zuwar masa sosai. In muka zauna yakan sa in maimaita masa yadda ta faɗa, da irin muryar. In na gama sai ya ce sau ɗaya tak ta kira shi ɗanta, shi kuma yana barci.