Kaskar da Inna Ta Ɓoye

Shekarun baya, gab da Babbar Sallah, na sayo rago a Batagarawa na ɗaure shi gidanmu na Ƙofar Durbi. Ragon cike yake da kaska, kunnuwa da ƙarƙashin wutsiya. Mahaifiyata ba ta iya zaman banza, sai ta mai da shi aikinta. Kullum da hantsi ta shimfiɗa tabarma gefenshi, tana cirewa da hannu tana murtsukewa da farce. Ni ko dariya nake, ina cewa Inna ta samu sabon jika.

Ba a jima ba zazzaɓi ya kwantar da ita, ga ciwon kai mai tsanani. Ni ban yi boko mai nisa ba, duk wani zazzaɓi a wajena na sauro ne. Na je kemis na amso magani, ta shanye, shiru. Aka koma allura, shiru. Jiki kamar garwashi. Ta bar cin abinci, sallah daga tsaye ta koma zaune, daga zaune ta koma kwance.

To ni ɗan fari ne. Inna ba ta taɓa kiran sunana ba, balle hira. In na durƙusa na ce, "Inna, ina ke maki ciwo?" sai ta juya fuska bango ta ce, "Da sauƙi."

Muka kai ta asibiti ni da autarmu. Aka gwada jini, aka ce ba na sauro ba ne. In ba shi ba ne, to mi ke cin ta?

Likita ya ce, "Hajiya, akwai inda wani abu ya cije ki?"

Ta dube shi, ta dubi inda nake tsaye, ta ce, "Babu."

Ya juyo gare ni. "Malam, kuna kiwo a gida?"

Na ce rago ɗaya ne, na ba shi labarin kaskar. Sai ya ce mu fita ni da shi, a bar ta da auta. Daga bakin ƙofa ina jiyo auta tana cewa, "Tsohuwa, bar wasan nan. Ni ce fa kika goya jiya-jiya. Buɗe in gani."

A cinya cizon yake. Baƙin tabo kamar ƙunar taba, ga kaluluwa ta fito. Ashe tun farko ta ga kaskar maƙale a wurin, ta fizge ta, ta ja bakinta ta yi gum.

Likita ya ce kaska na ɗauke da cuta daga dabba, kuma maganin zazzaɓin sauro ba ya taɓa ta. Ya ce akwai irin da ke sa zubar jini har a rasa rai. Ya rubuta wasu kafso, ya ce da hantsaki ake cire kaska, ba a fasa ta da farce, a nemo ma ragon maganin wanka. Cikin 'yan kwanaki zazzaɓin ya sauka. Ranar Sallah ita ta fara cin hantar.

Daga baya auta ta tambaye ta a gabana mi ya sa ta ɓoye. Ba ta kalle ni ba, ta ce, "Ki faɗa ma wancan, da in ambaci cinya gabanshi, gara zazzaɓin."

Ban ga laifinta ba, haka aka rene ta. Amma yanzu ko mura take yi, ba na tambaya, auta nake kira. Kuma har yau in na ji Inna ta ce "da sauƙi", gabana faɗuwa yake.