Sunan da Inna Ta Ba Masu Mita

Ni ce 'yar fari a gidanmu, kuma duk wanda ya tashi a gidan Hausawa ya san abin da hakan ke nufi. Tunda nake ban taɓa jin sunana a bakin Inna ba. "Ke" nake, ko "waccan", in ranta ya yi fari ƙwarai ta ce "babbar". Kunyar ɗan fari ce, wai ado ne. To, ado ne ga mai kallo. Ƙanwata kuwa sunanta kamar alewa yake a bakin Inna, ta tsotsa da safe ta tsotsa da yamma.

Lokacin da sa'o'ina ke tafiya makaranta, ni ina goyon ƙanne da tace zoɓo. Da aka zo kan ƙanwata hannu ya yi yawa a gida, sai aka saya mata jaka. Ta yi karatun Faransanci har ƙarshensa, ta samu aikin ofis a unguwar Bonapriso nan Duwala, ta yi aure can unguwar Japoma. Ni sai da aurena ya mutu na dawo gidan Baba a unguwar New Bell, da furfura ta fara leƙo mini, sannan na shiga ajin manya na bayan la'asar. Na zauna a benci ina haɗa baƙi da wasali, yaran unguwa na leƙe ta taga suna dariya. Ban fasa ba. Wanda ya sha hayaƙin murhu bai tsoron dariyar yaro.

Tsohuwar mitar wutarmu tana bangon zaure tun zamanin Baba, da sunansa kuma takardar kuɗinta take zuwa har bayan rasuwarsa. Ni nake kula da ita. In ruwan Duwala ya sauko irin wanda ke cika lungu har gwiwa, ni ke hawa turmi in lulluɓe ta da leda. Ni ke bin layi a ofishin kamfanin wuta. Firizata ta ƙanƙara da zoɓo a kanta take, ɗakunan 'yan haya ma daga ita suke sha. Kowa a gidan ya san in wuta ta yi gardama ƙofata ake bugawa. Wannan kaɗai ne sarautata a gidan ubana, kuma ina son abata.

Da aka fara canza mitoci a unguwa zuwa irin wadda ake saya wa wuta tun kafin a sha, surutu ya yi yawa. Aka ce a unguwar Kassalafam wasu sun sa rigar aiki ta ƙarya sun kwance wa wata tsohuwa mita sun tafi da ita. Sai malamarmu ta ajin manya ta ajiye darasin ranar ta yi mana bayani. Ta ce mita kayan kamfani ce, in ya ce zai canza ba a hana shi. Amma mai gida ma yana da nasa. A sanar da shi kafin a zo. Ya ga katin aikin wanda ya zo. A karanta lambar ƙarshe ta tsohuwar mitar a gabansa, a rubuta, a bar masa shaida a hannu. Kada ya danƙa wa ma'aikaci komai a tafin hannu. Kuma shi zai faɗi sunan da za a sa da wayar da saƙo zai riƙa shiga. Na haddace maganar nan kamar karatun allo. Har a bakin firiza nake maimaitawa.

Ranar da suka zo, da hantsi ne, ina ɗaure ledojin ƙanƙara. Maza biyu da tsani. Inna ta ji sallamar baƙi, ta ce a shimfiɗa tabarma a kawo ruwa. Ni kuwa na tsaya a ƙofar zaure na ware hannu.

Na ce da Faransancina na bakin kasuwa, "Katinku."

Dogon ya dube ni daga ɗankwali har silifas ya ce, "Mami, ke ce 'yar sandan gidan?"

Na ce, "Ni ce kwamishina. Katinku. Kuma ina sanarwar da kuka aiko?"

Suka nuna kati, na sa yatsa na bi baƙaƙen ɗaya bayan ɗaya, suna jira suna tsaki. Sanarwa kuwa babu. Gajeren ya ce da Hausarsa ta mutanen Garwa, "Hajiya, aikin minti kaɗan ne, kar ki ɓata mana rana."

Na ce, "Ranarku ce, ku ɓata abarku. Ku sa mana rana ku dawo, a karanta lamba a gabana."

Suka ɗauki tsaninsu. Na juyo cikin gida ƙafata ba ta taɓa ƙasa. Ina jiran ko da "madalla" ce. Sai na tarar da Inna ta rufe fuska da mayafi.

Ta ce, "Ke! Baƙo ya yi sallama, ko ruwa bai sha ba ki tambaye shi takarda? A gidan wa kika ga haka? Wannan karatun tsufa zai ja mana magana. A kira mini ƙanwarki."

Ba "ƙanwarki" ta ce ba, sunan ta faɗa, da ja masa wutsiya yadda ta saba.

Ranar da aka sa, ƙanwata ta zo. Mota ta kasa shiga lungunmu saboda taɓo, sai ta tako a kan duwatsun da na jera da hannuna, tana ɗage siket, turarenta ya riga ta shigowa. Ta durƙusa ta gaishe ni, "Yaya, ina kwana, ya kasuwa?" Ba ta taɓa raina ni ba, wannan ma yana cikin abin da ke ba ni haushi. Da tana da girman kai da na samu inda zan kama.

Ma'aikatan suka iso. Ta tambaye su kati. Ta ce a karanta lambar ƙarshe, ta ɗauki hotonta da waya. Ta ce a rubuta a ba mu shaida. Duk abin da na faɗa shi ta faɗa, ba ƙari ba ragi, sai dai nata Faransancin mai santsi ne, irin wanda ke fitowa ta hanci. Dogon nan da ya kira ni 'yar sanda sai "to Madam, to Madam" yake, har da cire hula. Inna na zaune kan kujera tana kaɗa ƙafa, tana ce wa maƙwabciyarmu da ta leƙo, "Kin ga amfanin ilimi ko? Da ba don ita ba da sun cuce mu."

Na haɗiye. Na ci gaba da tace zoɓona.

Suka kwance tsohuwar mitar, wurinta ya bar fari a bango. Suka kafa sabuwar can sama, suka fito da wani ɗan akwati mai maɓallai wanda ake ajiyewa a ɗaki a riƙa danna lambobin wuta. Sai gajeren ya durƙusa gaban Inna, tunda ita ce uwar gida, ya ce, "Mama, mai gida ya rasu. Sunan wa za a sa? Wayar wa?"

'Yan haya na tsaye, maƙwabta na tsaye. Ina gefen daman Inna, da hannuna jajir da zoɓo. Na ga ta dubi ƙafafuna. Na ga bakinta ya motsa. Sannan ta kawar da kai ta faɗi sunan ƙanwata.

Mutumin ya rubuta. Ƙanwata ta ce, "A'a Inna, ai Yaya ce a gida," amma a hankali ta faɗa, wayarta kuma ta yi ƙara, ofis na nemanta. Ta fita tana magana. Ni ma da na haddace cewa mai gida ke zaɓar suna, ga shi mai gida ta zaɓa. Haƙƙin da na yi ta taƙama da shi ne ya kwantar da ni.

Daga nan rayuwa ta koma abin dariya. Akwatin yana ɗakina don nan ne kusa da zaure, amma saƙon lambobi Japoma yake tafiya. Wuta ta kusa ƙarewa, akwati ya yi ta kuka kamar ɗan tsako, ni in yi ta kiran waya, ƙanwata na cikin taro. Wata rana ƙanƙarata ta narke tas, ruwan ya bi ƙarƙashin ƙofa har tsakar gida. Da lambobin suka iso na danna wuta ta dawo, sai na ji Inna daga ɗaki tana sa wa ƙanwata albarka. Yatsana ne a kan maɓalli, albarka kuma ta hau mota ta tafi Japoma.

Ƙanwata ta ce, "Yaya, ki bari in na samu sarari in je a mayar da shi wayarki, ni wahala ce ma a gare ni." Wahala. Abin da na kwana ina ƙuna a kansa, ita kaya ne take neman inda za ta sauke, kamar zannuwan da take kawo mini in ta gaji da su. Na ce mata ta bar shi, na gode.

Na sami Inna tana tsince shinkafa. Na zauna, ban yi kwana-kwana ba.

Na ce, "Inna, ni ce ba ki yarda da ni ba, ko me?"

Ta ce, "Wace irin magana ce wannan?"

"Mutumin ya tambaye ki suna. Ina tsaye."

Ta juya shinkafar da yatsa. Ta ce, "Gaban maza baƙi? Gaban 'yan haya? So kike a ce tsufa ya cinye mini kunya? Ai kin san bakina ba ya kama sunanki."

"To da kin nuna ni da hannu."

"Ke ma da kin buɗe baki. Ina ce ke ce kwamishina?"

Ashe ta ji. Na so in yi dariya, haushi ya hana ni. Har yau ban sani ba ko kunyar ce kaɗai, ko kuwa a ƙasan ranta ta fi amincewa da mai Faransancin hanci. Ban sake tambaya ba, don ina tsoron amsar.

Na koma wurin malamarmu, ta ce abin da mai gida ya sa, mai gida na iya canzawa. Na karɓo amincewar ƙanwata a rubuce, ta sa hannu a tsaye tana neman makullin mota. Na ɗauki Inna a tasi, na haɗa da shaidar rasuwar Baba, muka bi layi a ofishin kamfani. Da muka kai gaban teburi, matar da ke wurin ta ce, "Mama, sunan wa?" Na ga Inna ta fara jan mayafi. Na ce, "Ba ni alƙalamin." Na rubuta sunana da kaina, baƙaƙen sun karkace kamar haƙoran tsoho, amma sun karantu. Matar ta nuna wa Inna ta ce, "Wannan kike so?" Inna ba ta iya karatu ba. Ta dubi rubutun, ta dube ni, ta miƙa babban yatsanta aka shafa masa tawada, ta danna da ƙarfi har takardar ta motsa.

Yanzu saƙon wayata yake shigowa. Ni ke saye, ni ke dannawa, ƙanƙarata ba ta ƙara narkewa don jiran kowa ba. Ƙanwata ba ta ma san an yi gasa ba, balle ta san an kayar da ita. Ranar Juma'a takan zo da ledar lemo, tun daga bakin lungu Inna ke gane takunta ta ɗaga murya ta kira ta. Ni ina bakin firiza, ina jin sunan yana ratsa tsakar gida, sai in ƙara ɗaure ledar da ke hannuna har ta kusa fashewa.