Matar da ke Kallona a Kasuwar Goronyo

Ran kasuwar Goronyo ina zaune rumfar mai goro, sai ga wata mata tsaye gindin tsamiya tana kallon wajena. Doguwa ce, baƙa, ba ta wuce talatin ba. Ba kwalli a idonta, ba lalle a hannunta, zanen saƙin da ke jikinta ya koɗe. Tana ɗaga ƙafa tana mayarwa, kamar mai gwada zurfin gulbi.

Ni malamin En'e ne, matata ta rasu bara, kuma kaɗaici ya koya mini wauta. Na gyara hula, na tsuke tumbi, har ina tunanin wa zan aika gidansu.

Mai goro ya raɗa mini, "Mairama ta. Soja ta aura ba da son ubanta ba, ya tafi yaƙin Turawa can ƙasar Bama bai komo ba."

Ga ta nan ta nufo ni. Na yi gyaran murya. Ta wuce ni kamar turken jaki, ta durƙusa gaban wani tsoho mai albasa da ke bayana.

"Baba, ni ta."

Tsohon bai ɗago ba. Yana ta ware albasa, amma yana cuɗa manya da ƙanana. Can ya ce, "Kin rame. Mi kinka ci yau?" Ya matsa gefen tabarma.

Ta zauna tana gyara masa kashin albasar da ya ɓata. Ni kuwa doguwar gaisuwar da ke bakina, mai goro na yi wa. Ya amsa duka, har da tambayar gajiya.