Rumbun da Ya Karkace a Hoton Gwaggo

Ko da zan manta ranar da na fara riƙe kyamara, ba na jin zan taɓa mantawa da hoton da na ɗauki gwaggona a ƙauyen Kekun Waje. Shekaru sun ja, na ɗauki amare da jarirai da alhazai ba iyaka, amma wannan ɗaya shi ya fi zauna mini a rai.

Lokacin ina sabon shiga, ina koyon aiki a wani shagon hoto a Gusau. Ni kuwa Allah ya yi ni da ƙwaƙƙwafi, in na ga abu sai na ji dalilinsa. A waya na ga masu hoto suna ɗan karkata kyamara, sai mutum ya fito kamar yana motsi, kamar yanzu zai yi magana. Abin ya ɗaure mini kai. Mutum na tsaye cak, hannuna kawai na juya, amma hoto ya sake hali? Daga nan na kamu. Mai shayi, mai faci, akuyar maƙwabta, ba wanda ban karkata ba. Har maigidana ya ce in ban yi hankali ba, wata rana sai na zubo mutane daga cikin hoto.

Ana haka aka aiko cewa Gwaggo na nemana. Yayar mahaifina ce, kuma watanni kafin nan ta gamu da shanyewar ɓarin jiki. Allah ya taimaka bakinta ya dawo garau, amma hannun hagu ya mutu, in ta zauna sai ta jirkice gefe guda. Ɗanta namiji ɗaya ne, taubashina, yana Fatakwal yana tuƙin babbar mota, kuma ta hana kowa ya gaya masa. Ta san halinsa. Ranar da ya ji, ranar zai ajiye makulli ya kamo hanya, aikin da ya sha wuya kafin ya samu ya tafi a banza. Shi kuma ya dame ta a waya, ya yi kewarta, lallai sai an tura masa hotonta.

"Ɗan nan," in ji ta bayan mun gaisa, "an ce ka iya dabarun hoto. Ka miƙe ni. So nike ya gan ni awa yadda yab bar ni."

Tausayinta ya kama ni, amma ba zan ɓoye muku ba, son in ga ko abin zai yiwu ma ya taso mini. Ashe dabarar da nake wasa da ita tana iya miƙe mutum?

Da hantsi matan gidan suka fito da ita tsakar gida, suka zaunar da ita a inuwa. Muka ɗora hannun nan a cinyarta, muka rufe da mayafi. Na juyo fuskarta wajen haske, na durƙusa daidai tsayinta, na sa idanunta daga sama-saman hoton, na bar ɗan fili ta inda take kallo. Sannan na soma karkata kyamara sannu a hankali, har kafaɗunta suka daidaita. Sai ga Gwaggo zaune tsaf kamar mai jiran baƙi ranar Sallah. Da na nuna mata, ta daɗe tana kallo, ta goge ido da bakin mayafi, ta ce Allah ya yi mini albarka. Nan take na tura wa taubashina, ina jin kaina kamar wani likita.

Ban kai tasha ba wayata ta yi ƙara. Taubashina ne.

"Kai ɗan birni, mi yas samu rumbun Baba?"

Na buɗe hoton na sake dubawa. Duk hankalina na kan Gwaggo, ko sau ɗaya ban dubi abin da ke bayanta ba. Rumbun ƙasar da marigayi mijinta ya gina da hannunsa, cike da gero, ya fito a karkace kamar ka taɓa shi da yatsa ya kife.

"Salo ne kawai," na ce, "ni na karkata kyamara."

"Salon mi? Kai da ba ka san rumbu ba ko ya hwaɗo maka bisa kai! Ga damina tahe, ruwan hwarko ka kada shi, cimakar shekara ta tahi. Ɓoye mani dai kuke."

Na rantse masa rumbu lafiya lau, ya ƙi. Ni kuma ba damar in faɗi dalilin karkatawar, tunda na yi wa Gwaggo alkawarin ba zai ji daga bakina ba. Ya kashe waya yana mita.

Ba a daɗe ba sai ga shi a Gusau, ya roƙi ɗan hutu a wurin aiki. Tare muka hau mota zuwa ƙauye. Duk hanya yana lissafin itacen da zai tokare rumbu da maginin da zai kira, ni kuwa sai dai in ce "haka ne."

Muna sallama bai ko nufi ɗaki ba, rumbu ya dosa. Ga shi tsaye ƙyam. Ya kewaye shi, ya tura shi da kafaɗa, ya leƙa ƙarƙashi ya duba duwatsun da ke ɗauke da shi. Ya ciro waya yana dariya, ya dubi hoto, ya dubi rumbu. Sai ya soma juya wayar sannu-sannu, yana so rumbun hoto ya daidaita da na gabansa. Ina tsaye ina kallo dariyar ta bar fuskarsa. Da rumbu ya miƙe, sai mahaifiyarsa ta jirkice, ga hannu ɗaya ɓoye cikin mayafi.

Ya tuɓe takalmi ya shiga ɗaki, ni ina bakin ƙofa.

"Inna, ni za ki ɓoye ma wanga abu?"

"Wa yah hwaɗa maka?"

"Rumbun Baba."

Can na ji Gwaggo tana dariya da kuka haɗe. "Malam ke nan," in ji ta, "ko bayan ransa bai bar tona mani asiri ba."

Abin da take tsoro kuwa ya faru, bai koma Fatakwal ba. Ya samu ƙaramar mota yana jigila tsakanin Gusau da Tsafe, shi yake ɗaukar ta a hannu ya sa a mota ya kai ta asibiti ana gasa mata jiki, har ta soma takawa da sanda. Damina biyu suka ƙara tare kafin Allah ya karɓi abinsa. Ranar da muka dawo daga maƙabarta ya riƙe hannuna ya ce, da na iya aikina sosai, da sai dai a kira shi jana'iza.

Har gobe ina karkata kyamara in hoto ya nema, sai dai ba na latsawa sai na duba abin da ke bayan mutum. Amma babban abin da na koya ya wuce sana'a. Ciwon da ka ɓoye wa mai ƙaunarka don ka hutar da shi, ba hutu ka ba shi ba, kwanakin da zai yi da kai ka ƙwace masa. Gara ya gan ka yadda kake tun da sauran lokaci.