Awa Biyu a Sama, Tara a Ƙasa

Shekara goma sha tara wata mata tana sayar da tikiti a ƙaramin filin jirgin sama, ba ta taɓa faɗa wa fasinja awannin da ke takarda kawai ba.

Wani dattijo ya zo, 'yarsa na kwance asibiti, kilomita dubu daga nan.

"An ce awa biyu ne," in ji shi.

"A sama ke nan, Baba. Wajen canjin jirgi za ka zauna awa tara. Hau mota zuwa babban filin, ka kama jirgin rana mai zuwa kai tsaye."

"Kin tabbata?"

"Na taɓa yin wannan zaman jiran. Ban iske ɗana da rai ba."

Washegari ya bugo mata waya: ya iske 'yar, har ta yi masa faɗan rashin cin abinci.