Waƙar da Kaka Ta Hana Kawu Idi

Shekarar da fari ya koro mu daga ƙauye, a unguwar Bukoki cikin birni muka sauka, watanni kaɗan bayan soja sun karɓi mulki. Da an yi magariba Kaka kan hura wuta da kara, ta ɗora kunun da ruwa ya fi dawa yawa, ta ɗauke mana hankali da tatsuniya don kada mu leƙa tukunya.

A ƙauyenmu ita ce mai waƙar makoki. Kafin a ɗauki mamaci takan zauna wajen kansa, ta jero sunansa da na iyayensa da gonarsa. In ba gawa, ba waƙa, haka ta gada. Ga shi autanta, Kawu Idi, ya kora sauran shanunmu kudu, shekara ta zagayo shiru.

Tatsuniya ɗaya ta fi yi mana. Wata tsohuwa ce ɗanta ya tafi neman ruwa. Kura ta kawo mata takalminsa, ta ce a yi kuka. Ungulu ta kawo hularsa. Tsohuwa ta ce ita ba takalmi ta haifa ba.

"Kaka, ya dawo?" in ji ni.

"Ke dai da baki! Sha kununki."

Ba ta taɓa ƙarasa ta ba.

Ran nan wani direba ya kawo sandar Kawu, ya ce an nuna masa kabarinsa a bakin hanya. Babana ya durƙusa gaban Kaka. "Inna, ki yi masa waƙar nan mu huta."

"Ka ga fuskarsa? Ni ba na yi wa sanda waƙa."

Wallahi na ji haushinta, don ta bar gidan ba makoki ba dariya.

Bayan shekaru, a lakkwal, wato makarantar boko, mushenmu, malamin ajinmu, ya rubuta wasu tsofaffin kalmomin Faransanci biyu na waƙar makoki, ya ce daga Girkanci suka fito. Épicède a kan gawa ake rera ta, thrène kuwa ko ba gawa ana yi. Na taho gida da gudu, lokacin Kaka ta makance.

"Kaka, ashe akwai mutanen da ke yi ko ba su ga gawa ba!"

Ta ce, "Su sun iya. Ni in na yi, ni na kashe shi."

Na jima ina kiran wannan taurin kai. Yau ɗana ya bi hamada neman aiki, wata takwas bai kira ba. Duk wanda ya zo mini da fuskar gaisuwa, a ƙofar gida nake tsayar da shi.