Ranar da na je aron takardar lampo

Ni dai ban taɓa zaton zan yi ƙyashin mutum don gwamnati tana karɓar kuɗinsa ba, sai da abin ya same ni a kan maƙwabciyata.

Katanga ɗaya ce tsakaninmu a tsohon gari, idan ta yi tari ina ji. Na girme ta da kusan shekara goma, kuma a kan tabarmata ta koyi dukanci. Ni na nuna mata riƙon basilla, da yadda ake yanka geza ba ta karkace ba, da yadda ake ɗora tsanwa, wato koriyar fata, a kan jar fata. Matasan fata muke yi da alabe, irin waɗanda ake jera wa amarya. Har yau Yaya take ce mini, kuma idan aka ajiye nata da nawa, ko da hannu ka shafa za ka gane nawa. Ita ma ta sani.

Da mijinta ya rasu sai ta buɗe zaurensu, ta rataya kaya, ta mai da shi butiki, wato shago. Ba a daɗe ba masu lampo, wato masu karɓar haraji, suka zo. Ina jin su ta katanga suna tambayar patanti, takardar harajin sana'a, tana cewa mene ne kuma patanti. Suka ba ta wa'adi, ba ta je ba, suka dawo suka sa wa ƙofar kwaɗo. Ta shigo gidana tana kuka, na zuba mata shayi, na ce, "Ai na gaya miki. Mace da sana'arta a ɗaki, wa ya san da ita? Shekara ashirin ina yi, ba wanda ya tambaye ni ko dala." Na ji tausayinta, Allah ya sani, amma can ƙarƙashin tausayin akwai wani ɗan daɗi, na cewa ni ce mai wayo.

Ta je biro, wato ofishin lampo, ta biya, suka cire kwaɗon, suka ba ta takarda mai lamba da hatimi. Ta sa ta a gilashi ta rataya inda kowa zai gani. Ni kuwa idan na leƙa sai in tsokane ta, in ce a gaishe da surukarta ta bango.

Ana nan sai wani Alhaji, mutumin kudu da Allah ya buɗa masa a haƙar zinariya, ya gina masaukin baƙi a bakin gari. Matarsa ta ga matashina a wani gidan suna, ta tambayi mai shi, aka zo har zaurenmu aka sami mai gidana. Matasai talatin suke so. Ban taɓa samun aiki irin wannan ba. Sai dai mai riƙe wa Alhaji takardu ya ce ba sa sayen komai sai da faktir, wato takardar ciniki, kuma dole da lambar lampo a jikinta.

Ban ma damu ba. A unguwarmu me ba a ara? Tukunyar biki, sarƙar azurfa, tabarmar zaman makoki, duk yawo suke daga gida zuwa gida. Na yafa mayafi na zagaya.

"Aro na zo," na ce mata.

"Na me, Yaya? Turmi?"

"Takardar nan taki ta gilashi. Yini ɗaya, a nuna wa mutanen Alhaji in maido miki."

Ta yi dariya har ta ajiye basilla. "Yaya, ai sunana ne a jiki."

"To zanen da na ara miki ranar bikin ƙanwarki, duk unguwa ba a san nawa ba ne? Wa ya tuɓe miki shi?"

Ta ce wannan ba zane ba ne, ba ya zama a jikin wani. Abin da za ta iya kawai, ta sa a rubuta faktir da sunanta, kamar a butikinta aka sayi kayan, kuɗin ta miƙo mini. Na ce ai duk ɗaya ne. Na dawo gida ina ganin na sake yi wa gwamnati wayo.

Wata uku na yi a duƙe, har yatsana ya yi kanta. Aka kai kaya, aka biya, ta kawo mini kuɗina cif. Ba ta ci mini komai ba, kada in ɗauki alhakinta.

A wani gidan biki na fara jin abin. Wata tsohuwa ta taɓa ni ta ce, "Kin ga matasan da yarinyar nan taki ta yi wa masaukin Alhaji? Ta fa wuce malamarta." Ashe duk baƙon da ya tambayi mai aikin, sai a buɗe takarda a karanta masa sunan da ke ciki, a kwatanta masa butiki. Har daga garin Ingal aka zo nemanta. Na ce wa tsohuwar ni na yi su, ta dube ni ta ce, "Allah sarki," irin yadda ake ce wa marar lafiya.

Da shekara ta juyo maƙwabciyata ta shigo ta ce mini lamponta ya ƙaru, don dole ta bayyana cinikin nan nawa cikin nata. Na ce zan biya ƙarin, ai haƙƙina ne. Ta ce in bar shi. "Ma'aikacin biro har kujera ya jawo mini, Yaya. Ya ce Madam, sana'a ta ci gaba." Tana faɗa tana gyara ɗankwali. Sannan ta ce masaukin sun sake aiko da aiki, in ina so ta ba ni rabi. Ta ba ni. Ni da na koya mata zura zare.

Ranar ban iya cin tuwo ba. Mai gidana ya ce, "Ke kam, mutane na gudun lampo, ke kina kukan bai san ƙofarki ba."

Ni da ba na son fita, na hau kabu-kabu da kardantena, wato katin shaidata, a ƙulle a bakin zane, sai biro. Ma'aikacin yaro ne sa'an ɗana na fari, mai ladabi. Ya tambayi sana'a, na faɗa. Ya ce ina butikin, na ce ɗakina. Ya ce tun yaushe na fara.

"Tun kana goye," na ce.

Ya ajiye alƙalami. "Inna, kin san wa kike gaya wa haka kuwa?"

Ya yi mini bayani a hankali. Ba za a koma har farkon ba, amma ƴan shekarun kusa da na yi ciniki ban bayyana ba sai na biya su, da tara a kai. Ya sake tambayata shekarun, yana kallona. Na san idan na ce bana na fara ba shi da hanyar ƙaryata ni. Amma sai takarda ta nuna maƙwabciyata ce gaba da ni a sana'a, da hatimi a kai. Na ce ya rubuta shekara ashirin da biyu.

Tarar ta cinye mafi yawan abin da na samu a matasan Alhaji. Aikin masaukin kuma bai dawo mini ba, sun ce sun saba da wadda ke cikin takardunsu. Rabin da ta yi mini tayi na karɓa daga baya, ina yi ina cije leɓe.

Yanzu duk shekara mai kawo sanarwar lampo yana tsayawa a ƙofar zaurenmu ya kira cikakken sunana da sana'ata. Ina jinsa tun kiran farko, amma sai ya yi na uku nake neman takalmina, don na san maƙwabciyata tana zaune a butiki, ƙofarta a buɗe.